Habasha: Abin da tukunyar kan ɗaki ke nufi a ƙasar Konso

Duk wanda ya shiga garuruwan ƙabilar Konso da ke kudancin Habasha, zai lura da tukunyar yumɓu da ake kifawa a kan tsororuwar ɗakunansu na jinka.

Amfaninta na farko shi ne toshe wurin da ciyawar rufi ta haɗu, domin hana ruwan sama yoyo cikin ɗaki.

To sai dai kuma tukunyar tana bayyana matsayin mai gidan. Ta talaka ba ta da wani ado, amma ta gidan shugaban zuriya, wanda suke kira poƙalla, akan ƙawata ta, har a ɗora mata ƙwan jimina.

Zuriya tara

Konso sun kasu ne gida tara, kuma ba a aure tsakanin 'yan zuriya ɗaya. Poƙalla ne ke yi wa jama'a da gonaki addu'ar albarka bisa addinin gargajiya, shi ne kuma ke sasanta rikici. Babban ɗansa ne ke gadon muƙamin.

Abin lura shi ne, matan da ke gina waɗannan tukwane sun fito ne daga rukunin masu sana'ar hannu, wato maƙera da masaƙa da majema, waɗanda a al'adance manoma ke ɗauka a matsayin na ƙasa da su. A da ba sa mallakar gona, kuma manoma ba sa auratayya da su.

Ke nan alamar girman manya tana fitowa ne daga hannun waɗanda aka mayar baya.

Sauyin zamani

A shekarar 2011 hukumar UNESCO ta sanya yankin Konso cikin wuraren tarihi na duniya, saboda garuruwansa masu ganuwar dutse, da gonaki masu hawa-hawa da aka shafe fiye da shekara 400 ana nomawa, da kuma gumakan itace da ake kira waka, waɗanda ake kafawa domin tunawa da jarumai.

Sai dai rufin kwano na ƙara yaɗuwa a yankin, kuma kwano ba ya buƙatar tukunya. Duk ɗakin da ya rabu da jinka, ya rabu da wannan alama, mai ginin tukwane kuma ta rasa wani ɓangare na cinikinta.