Hawan jini a lokacin ciki: yadda ake hango shi tun da wuri

Mace mai ciki tana iya wuni tana daka da ɗibar ruwa, ba ta jin ciwon komai, alhali jininta ya riga ya hau. Wannan shi ne haɗarin ciwon da likitoci ke kira pre-eklamsi: ba ya sallama. Yakan bayyana bayan mako 20 na ciki, wato daga tsakiyar wata na biyar, idan awon tansiyo ya kai 140/90 ko ya wuce, kuma aka sami furotin a cikin fitsari. In an bar shi, yakan kai ga jijjiga, ya taɓa ƙoda da hanta, ya hana ɗan da ke ciki girma, ko ya sa mabiyiya ta rabu da mahaifa kafin lokaci.

Amma tushensa yana can baya, a watannin farko. A lokacin ne mabiyiya ke kafa saiwoyinta a jikin mahaifa, tana buɗe hanyoyin jinin da za su ciyar da ɗa. Idan ba ta kafu da kyau ba, jinin da ke isa gare ta yakan yi kaɗan, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke takura jijiyoyin jinin uwa. Saboda haka ne rigakafi ke aiki idan an soma shi da wuri, kuma amfaninsa ke raguwa idan an makara.

A manyan asibitocin Turai, ana haɗa hoton jijiyoyin mahaifa da gwajin jini na musamman tsakanin mako 11 da 13 domin a gane matan da ke cikin haɗari. Ba a samun waɗannan a gidan likita na karkara. Abin da muke da shi shi ne tambaya, da abin awon tansiyo, da ƴar takardar da ake tsomawa cikin fitsari. Ba za su gano kowace mace ba, amma suna gano da yawa, muddin mace ta zo a kan lokaci.

Tambayoyin ba su da wuya, kuma wakilin lafiya na gari yana iya yin su a tsakar gida. Shin ta taɓa yin hawan jini ko jijjiga a wani cikin da ya wuce? Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, domin ciwon yakan dawo. Shin tana da hawan jini tun kafin ciki, ko ciwon sukari, ko ciwon ƙoda? An ce mata tagwaye ne? Waɗannan duka manyan alamu ne. Akwai kuma waɗanda ba su kai su ba, amma idan biyu suka haɗu sai a kula: cikin fari, shekaru 40 ko fiye, ƙiba mai yawa, tazarar da ta wuce shekara 10 tun haihuwar ƙarshe, ko kuma mahaifiyarta ko ƴar'uwarta ta taɓa yin ciwon. Yarinya ƙarama mai cikin fari tana buƙatar kulawa ta musamman, domin jijjiga ta fi yawa a irinsu, kuma ita ce kunya ta fi hanawa ta faɗi cewa ta yi ɓatan wata. A nan uwar miji da kaka suke da babban aiki. Ɓoye ciki ga maƙwabta ba laifi ba ne. Ɓoye shi ga ungozomar gidan likita ne ke jawo asara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, tana ba da shawarar zuwa awo sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Awon farkon nan yana nuna yadda jinin mace yake tun asali, sai a riƙa gwada na baya da shi. A bar ta ta zauna ta huta minti 5 kafin a auna, musamman wadda ta yi doguwar tafiya cikin rana, kuma a rubuta lambar a katin awonta kowane zuwa.

Wadda aka ga tana cikin haɗari, ma'aikacin lafiya yana iya rubuta mata asfirin mai ƙaramin ƙarfi, miligiram 75 kullum, a soma kafin mako 20. Kada a sayi na ciwon kai a kasuwa a ce shi ne, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Haka kuma a inda abinci ba shi da isasshen kalsiyom, ana ba da giram 1.5 zuwa 2 a rana, a raba shi sau uku, kuma a sa ƴan awoyi tsakaninsa da maganin ƙarin jini, saboda yana rage shigarsa jiki. A gida, nono da kindirmo, da zogale, da miyar kuka, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu, duk suna taimakawa. Hana mai ciki gishiri gaba ɗaya ba ya kare ta daga wannan ciwo.

Duk da haka, wata za ta kamu ba tare da ko ɗaya daga cikin alamun nan ba. Shi ya sa kowane gida ya kamata ya san lokacin tashi: ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, gani dishi-dishi ko ganin walƙiya, ciwo a saman ciki ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya, numfashi da ƙyar, ko raguwar motsin ɗa. Kumburin ƙafa kaɗai abu ne da masu ciki da yawa ke yi, amma kumburin fuska ba alamar tagwaye ba ne. Tansiyo da ya kai 160/110 na gaggawa ne, ko da mace tana cewa lafiyarta lau.

Idan jijjiga ta zo, ba aikin iska ba ne, kuma hayaƙi ba ya tsayar da ita. A kwantar da mace a gefen hagu, kada a cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, a nemi abin hawa nan take. A gidan likita akwai allurar sulfat na magneziyom da ke tsayar da jijjiga, daga nan a tura ta asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro kamar ta Maradi, Zinder ko Tahoua. Gara a tanadi kuɗin mota da lambar mai abin hawa tun ciki yana ƙarami.

Haihuwa ba ta rufe maganar nan take. Jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka, galibi cikin kwana biyun farko, kuma jini yana iya hawa har zuwa mako 6. Mai jego da ke kukan ciwon kai, a kai ta a auna ta, ko da ba a yi suna ba.