Hazo a jikin fenti bayan shafa kaki: a gano musabbabi kafin a kunna inji

Duk wanda ke bin hanyar Sakkwato zuwa Achida, ya wuce Wurno ko Goronyo a lokacin cirar albasa, ya san yadda motocin dakon kaya ke komawa ja-ja-wur da ƙura. Ba abin mamaki ba ne idan mai Hilux ko Kanta ya samu sarari ya kai ta wanki, ya ce a haɗa masa da "folish". Ana gamawa sai a ga abin da ba a zata ba. Maimakon sheƙi, bonet da ƙofofi sun yi dishi-dishi, kamar hazon hunturu ya kwanta a kansu. Daga nan ne ɓarnar gaske ke farawa, domin galibi shawarar farko ita ce a sa inji a goge.

Da farko mu raba abu biyu da muke haɗa wa suna ɗaya. Kakin mota shafi ne kawai da ke zama a saman fenti don kare shi. Mafi shahara ana samo shi ne daga ganyen wata bishiyar giginya ta ƙasar Brazil mai suna carnauba, a gauraya da sinadarin da ke tausasa shi. Shi kuwa folish na gaskiya yana da ɓarɓashi a ciki, kuma aikinsa kankare saman fentin ne kaɗan. Kaki ba ya gyara fenti, folish kuma ba ya ƙara masa komai, ragewa yake yi.

Akasarin hazon da ake gani bayan shafawa, kakin ne da kansa ya bushe bai gogu ba. A gabashin Sakkwato wannan ba wuya. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen baƙar mota da ke rana kuwa yakan wuce 70. A irin wannan zafi sinadarin da ke cikin kakin yana tashi kafin mai shafawa ya kai ƙarshen ƙofa, sai ragowar ta daskare. Ga kuma al'adar lafta shi da yawa, wai don mai mota ya ga an yi aiki. Ba ka buƙatar na'urar auna zafi a nan, ko da yake tana da araha. Ɗora bayan hannunka a bonet. In ba za ka iya barinsa a kai ba, to ba lokacin shafa kaki ba ne.

Gwajin yana da sauƙi. Kai motar inuwa, ƙarƙashin rumfa ko dogonyaro, ka bari ta huce. Ja yatsa a kan wurin. Idan ya bar layi mai sheƙi, ko ya yi maiƙo, kaki ne. Maganinsa na farko yana ba mutane mamaki: a ƙara shafa irin kakin, ɗan kaɗan, a wurin da bai fi faɗin faranti ba, a goge nan take kafin ya bushe. Sinadarin da ke cikin sabon shi ke narkar da tsohon. In ya ƙi, sai a samo sifirit a kemis, a haɗa kashi ɗaya da kashi huɗu na ruwa mai tsabta, a jiƙa tsumma a goge a hankali, bayan an gwada a wani lungu da ba a gani. Wannan zai cire kakin gaba ɗaya, a sake sabon lale. Kada a yarda a kusanto da fetur ko tina, balle man birki wanda ke cin fenti har ƙarfe.

Tsumman ma abin lura ne. Tsohuwar singileti ko tawul ɗin da aka goge taya da shi ba su dace ba. Tawul ɗin microfiber ake so, kuma a riƙa juya shi, don in ya cika da kaki mayar da shi jikin motar kawai yake yi.

Inda lamarin ya fi tsanani shi ne ƙura. Ƙurar hunturu da yashin hanyoyin ƙauyukan Rabah da fadamun gulbin Rima suna da ƙwayoyin da suka fi fenti tauri. Motar da aka wanke ta tsaya a fili, kafin a ɗauko gwangwanin kaki wata ƙurar ta sauka. Mai shafawa sai ya murza ta da ƙarfi yana zagayawa, ya zama tamkar ya sa takardar yashi. Haska wurin da tocilar wayarka da daddare. In ka ga siraran zane kewaye da hasken kamar saƙar gizo-gizo, to hazon a cikin fentin yake, sifirit ba zai taɓa shi ba.

A nan ne folish ke da amfani, amma da lissafi. Fentin masana'anta gaba ɗayansa bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takarda guda. Shafin sama mai haske, wanda shi ne ke sheƙi, wajen 40 zuwa 50 ne kacal. Injin goge mai juyi ɗaya, irin wanda masu fenti suka fi riƙewa, yana iya cinye shi a gefen ƙofa cikin daƙiƙu in hannu bai ƙware ba, balle waɗanda ke ɗaura soso a garanda. Injin da ke juyi yana karkarwa ya fi aminci ga ɗan koyo. Ni dai da za a tambaye ni na'urar da ta cancanci mai wajen wanki ya fara saya, zan ce ma'aunin kaurin fenti. Bai kai girman waya ba, ana dafa shi a ƙarfe ya nuna lamba. Yana kuma tona asirin 'yan Kwatano, domin inda aka sake feshi ko aka cike da fila lambar takan yi sama sosai.

Wasu fararen motocin aiki ba su da wannan shafin na sama. Za ka gane su idan launi ya biyo tsumma. Irinsu sukan yi gari-gari kamar alli, kuma suna farfaɗowa sosai da folish.

Akwai kuma tabon ruwa. Ruwan burtsatse ko na rijiya in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yana barin fararen ɗigo-ɗigo, kaki kuma ya rufe su. A cire kakin, a goge da ruwan khal da aka raba daidai da ruwa, a ɗauraye.

Saura nau'in da ba ya gyaruwa a wajen wanki. Idan rufi da bonet sun yi fari-fari, gefen tabon yana ɓarewa kamar fatar albasa, rana ce ta kashe shafin sama. Kaki zai ɓoye shi na 'yan kwanaki ya dawo, inji kuwa faɗaɗa shi zai yi. Kuɗin da za a kashe wajen maimaita folish gara a tara su, a kai wa mai fenti a Sakkwato ya sake fesa rufin da bonet kaɗai.