Babba Mai Son Zama Likita: Wane Karatu Zai Fara Zaɓa?

A ƙauyuka da yawa akwai mutanen da suka taso da burin zama likita, amma hali bai yi ba. Wani mahaifinsa ne ya rasu, ya bar makaranta ya kama noma don ya riƙe ƙannensa. Wata aure aka yi mata tana aji uku na sakandare. Wani kuwa ya gama sakandaren, ya sami aiki a ɗakin shan magani. Yau shekara goma ke nan yana ba da magani yana wanke miki, yana kuma ganin marasa lafiyar da suka fi ƙarfinsa ana ɗora su a mota zuwa birni. Waɗansu su kai, waɗansu su cika a hanya. Irin waɗannan mutane sukan yi tambaya: wanda ya kai shekara 30, ko ya haura, zai iya komawa makaranta har ya zama likita?

Amsa ita ce zai iya. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978 don shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ba ta hana babba zana jarrabawarta. Ƙa'idar shekaru da aka sa ta yara ce, wato sai wanda ya kai shekara 16 ake ɗauka.

Amma fa babba ba kamar yaro ba ne. Yaro in ya yi kuskure wajen zaɓen abin da zai karanta, yana da lokacin gyarawa, kuma iyayensa ne ke ci da shi. Babba kuwa shi ke ci da waɗansu. In ya zaɓi karatun da ba zai kai shi inda yake so ba, ya yi asarar shekaru da kuɗi, iyalinsa kuma su sha wahala a banza. Saboda haka tun kafin ya sayi fom, ya kamata ya san hanyoyin da ake bi.

Matakin Farko: Takardar Sakandare

Babu jami'ar da za ta ɗauki mutum karatun likita ba tare da takardar gama sakandare ba. Ana bukatar kiredit a darussa 5. Su ne Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, wato ilimin halittu masu rai, da Kemistiri, wato ilimin sinadarai, da kuma Fiziks. Waɗansu jami'o'i ba sa karɓa sai an ci duka biyar ɗin a zama guda.

Wanda ya daɗe da barin makaranta ba sai ya sake sa yunifom ba. Hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta musamman don masu zanawa daga waje. Wanda ya faro daga ajin yaƙi da jahilci ma yana da hanya. Zai wuce ajin ci gaba, daga nan ya shiga makarantar manya ta yamma, har ya kai ga wannan jarrabawa. Tafiyar da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa.

Wanda ya karanta darussan adabi ko na kasuwanci a sakandare, dole ya koma ya koyi na kimiyya. Ba a tsallake wannan mataki.

Hanyoyi Uku Na Shiga

Digirin likita a Nijeriya ana kiran sa MBBS. Karatun shekara 6 ne. Ana shiga ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce jarrabawar JAMB. Ana zana ta da kwamfuta. Mai son likitanci zai amsa tambayoyi a Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Makin duka 400 ne. Masu neman likitanci suna da yawa ƙwarai, gurabe kuwa kaɗan ne, don haka sai mai maki mai yawa ake ɗauka. Wanda aka ɗauka zai fara daga aji ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce karatun share fage na kimanin shekara ɗaya, irin su IJMB wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, ko JUPEB. Wanda ya ci da kyau sosai a darussan kimiyya uku yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Hanya ta uku ita ce mutum ya fara yin wani digiri na kimiyya, ya gama, sa'an nan ya nemi shiga aji biyu na likitanci da wannan digiri. Wannan shiga ta kai tsaye ita ce ake kira DE. Ita ma ta hannun JAMB ake neman ta.

Kada mai karatu ya ruɗe da abin da ake yi a Amurka. A can dole ne kowa ya fara yin digiri na shekara 4, ya zana wata jarrabawa mai suna MCAT, kafin ya shiga makarantar likita ta shekara 4. A Nijeriya ba dole ba ne. Digiri na farko hanya ce kawai daga cikin hanyoyi.

A Lissafa Shekaru

Ga misali da mutum mai shekara 30 wanda takardarsa ta sakandare ta cika.

In ya bi hanya ta farko, zai yi shekara 6 a jami'a. Bayan nan akwai shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti a ƙarƙashin manyan likitoci. Sai ya gama ta za a ba shi cikakken lasisi. Ke nan zai zama cikakken likita yana da shekara 37. Hanya ta biyu ma kusan haka take.

In ya bi hanya ta uku da digiri na shekara 4, sai a ƙara shekara 5 na likitanci, da shekara 1 ta sanin makamar aiki. Shekara 10 ke nan. Zai gama yana da shekara 40. In digirin na shekara 5 ne, lissafin ya ƙaru. Wannan kuwa in babu yajin aiki, babu maimaita aji.

Akwai sauƙi ɗaya ga babba. Wanda ya haura shekara 30 a lokacin da ya gama digiri, ba ya zuwa aikin yi wa ƙasa hidima. Takardar yafewa ake ba shi.

Wannan lissafi ya nuna abu guda. Wanda ke da ƙarfin cin JAMB da maki mai yawa, ya fara gwada ta, domin ita ce gajeriyar hanya. Wanda ya gwada bai samu ba, shi ne zai zauna ya yi tunanin digirin da zai fara yi.

To, Wane Digiri?

Digirorin da masu wannan buri suka fi zaɓa kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne tushen ilimin likita. Akwai Anatomi, wato sanin sassan jikin ɗan Adam. Akwai Fiziyoloji, wato sanin yadda sassan ke aiki, kamar yadda zuciya ke harba jini da yadda ƙoda ke tace shi. Akwai Bayokemistiri, wato sanin sinadaran da ke cikin jiki. Kowanne shekara 4 ake yi. Amfaninsu shi ne, waɗannan darussa uku su ne ɗalibin likita ke fama da su a aji biyu da aji uku, kuma a kansu ake yin babbar jarrabawar da ke kayar da ɗalibai da yawa. Wanda ya riga ya karanta ɗaya daga ciki ya rage wa kansa nauyi. Matsalarsu kuwa, ba sa ba mutum lasisin duba mara lafiya. In bai sami shiga likitanci ba, aikin da ya fi samu shi ne koyarwa ko bincike, kuma irin wannan aiki ba shi da yawa a karkara.

Kashi na biyu su ne sana'o'in asibiti. Akwai aikin jinya, wato nas. Akwai aikin awon jini da fitsari da sauransu. Akwai aikin ɗaukar hoton cikin jiki. Akwai harhaɗa magunguna, da gashin ƙashi. Waɗannan ba sa kasa shekara 5, waɗansu har 6, kuma a kan ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki. Sun fi tsawo, shigarsu ma akwai gasa. Amma wanda ya gama yana da lasisi a hannu, yana da sana'ar da asibitoci ke nema. In ƙofar likitanci ta buɗe, madalla. In ba ta buɗe ba, bai tashi a tutar babu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka mai iyali ya auna digiri da ma'auni biyu. Na ɗaya, jami'ar da yake so tana karɓar wannan digiri don shiga likitanci? Na biyu, wannan digiri zai ci da shi da iyalinsa ko da bai zama likita ba? Digirin da ya cika ma'aunan nan biyu shi ne na babba.

Akwai kuma ma'auni na uku, wato abin da mutum zai iya ci da kyau. Jami'o'i da yawa ba sa duba takardar mai digiri sai ya fita da daraja ta ɗaya, ko ta biyu babba. Wanda ya zaɓi fannin da ya fi ƙarfinsa don suna kawai, ya fita da ƙaramar daraja, ya rufe wa kansa ƙofa da hannunsa.

Kurakuran Da Za A Guje Wa

Kuskure na farko shi ne yarda da maganar nan ta “shiga kowane fanni, in ka yi shekara ɗaya sai ka canja zuwa likitanci”. Mutane da yawa sun shiga da wannan zato, suka ƙare a fannin da ba su so. Dalili shi ne, Hukumar Kula da Likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka. In gurabe sun cika, sun cika. Duk wanda zai shiga wani fanni, ya shiga da niyyar gama shi.

Kuskure na biyu shi ne zaton za a iya karatun likita ana aiki. Ba a yin MBBS da yamma, ko a ƙarshen mako, ko ta hanyar karatu daga gida. Daga aji huɗu ɗalibi a asibitin koyarwa yake wuni, wani lokaci har ya kwana. A nan zai zaga sashen yara, da na haihuwa da cututtukan mata, da na tiyata, da sauransu.

Kuskure na uku shi ne ba dillali kuɗi don ya samo gurbi. Duk gurbin da bai fito ta hannun JAMB ba, ba gurbi ba ne. Haka kuma a tabbata MDCN da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, sun amince da makarantar. Wanda ya yi karatu inda ba a amince ba zai sha wahala wajen samun lasisi.

Matambayi Ba Ya Ɓata

Ƙa'idodin jami'o'i ba ɗaya ba ne. Digirin da wata ke karɓa, wata ba ta karɓa. JAMB tana fitar da bayanin abin da kowace jami'a ke bukata, kuma tana da ofis a kowace jiha. Ana koyar da likitanci a jami'o'i da dama na Arewa, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri, da ta Jos. Mutum ya je ofishin ɗaukar ɗalibai da kansa, ya yi waɗannan tambayoyi:

1. Waɗanne digirori ake karɓa don shiga aji biyu na likitanci?
2. Wace daraja ake bukata?
3. Ana karɓar takardar sakandare ta zama biyu?
4. Akwai wata jarrabawa ta tantancewa bayan ta JAMB?

Ya nemi amsar a rubuce. Ya kuma tanadi lambarsa ta katin ɗan ƙasa, wato NIN, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita.

Gida Da Aljihu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin magidanci ya tafi, ya zauna da iyalinsa da 'yan'uwansa. Wa zai kula da gona? Daga ina abinci da kuɗin makarantar yara za su fito? Matar aure ma ta daidaita da maigidanta da danginta a kan renon yara da wurin zama. Karatun da aka fara ba da yardar gida ba, da wuya ya kai ƙarshe.

Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun ƙaro ilimi ta hanyar da ta dace, kada ya bar aiki haka kawai. Jihohi suna da hukumomin ba da tallafin karatu. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta fara ba ɗaliban makarantun gwamnati bashin karatu mara ruwa ta hannun asusun NELFUND. A karanta sharuɗɗansa da kyau kafin a dogara da shi.

Babba yana da abin da yaro ba shi da shi. Ya san darajar lokaci da ta kuɗi. Ya ga ciwo, ya ga haihuwa, ya ga mutuwa. Ya san harshen mutanensa da al'adunsu. Macen da ta zama likita ko nas ta koma garinsu, mata za su gaya mata abin da suke jin nauyin gaya wa namiji. Irin waɗannan ma'aikata karkara ke nema.

Don haka mai wannan buri kada ya karaya, kada kuma ya yi gaggawa. Ya gyara takardarsa ta sakandare. Ya gwada gajeriyar hanya tukuna. In sai ya bi ta wani digiri, ya zaɓi wanda jami'a za ta karɓa, wanda zai iya ci da kyau, wanda kuma zai riƙe gidansa. Allah ya ba mai nema sa'a.