Shirin Hutun Iyali Zuwa Ingila Domin Ranar Da Yaro Zai Raka 'Yan Ƙwallo

Duk wanda ya saba kallon ƙwallon ƙafa na ƙasar Ingila a talabijin, ko a gida ko a gidan kallo, ya san cewa kafin alƙalin wasa ya busa usur akan ga 'yan wasa sun fito fili a jere tare da waɗansu ƙananan yara, wani lokaci kowane ɗan wasa da nasa, wani lokaci kuwa kyaftin kaɗai ke riƙe da hannun yaro guda. Waɗannan yara su ne Turawa ke kira maskot, mu kuwa sai mu ce da su 'yan rakiya. Tafiyar tasu ba ta da tsawo: daga bakin ƙofa zuwa tsakiyar fili, a gaisa, a ɗauki hoto, su ruga su fita. Amma saboda wannan ɗan taƙaitaccen lokaci akwai iyaye a ƙasashe dabam-dabam da ke tara kuɗi shekara guda ko fiye, su kwashi iyali su hau jirgin sama.

Mu ma nan abin bai yi mana nisa ba. Tun sa'ad da Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006, kana Ahmed Musa, wanda ya taɓa yi wa Kano Pillars wasa, ya je Leicester a 2016, yaranmu suka haddace sunayen ƙungiyoyin Ingila kamar sunayen unguwanninsu. Saboda haka ba abin mamaki ba ne magidancin da Allah ya hore wa ya yi tunanin haɗa hutun iyalinsa da wannan rana. To, wanda ya yi wannan niyya ya kamata ya san abu guda tun da fari, watau ranar da zai gina tafiyarsa a kanta ba a hannunsa take ba, ba kuma a hannun ƙungiyar da ta yi masa alkawari take ba.

Asalin al'adar

Ƙungiyoyin Ingila sun daɗe suna fito da yaro guda ya raka kyaftin. A watan Nuwamba na 1996 wani yaro ɗan shekara 11 ya rako Everton filin Anfield domin karawa da maƙwabciyarta Liverpool. Yaron nan shi ne Wayne Rooney, wanda daga baya ya zama kyaftin ɗin Ingila. A gasar cin kofin duniya ta 2002, wadda aka yi a Koriya ta Kudu da Japan, hukumar FIFA ta haɗa kai da UNICEF aka riƙa fito da kowane ɗan wasa tare da yaro, domin tuna wa duniya haƙƙin yara. Daga nan al'adar ta bazu ko'ina.

Abin da ya ƙara mata martaba a idon Turawa shi ne labarin Bradley Lowery, wani yaro mai son ƙungiyar Sunderland wanda ya yi fama da ciwon daji. Ya shaƙu ƙwarai da ɗan wasa Jermain Defoe, har suka fito tare a filin Wembley a watan Maris na 2017, ranar da Ingila ta kara da Lituwaniya. Ya rasu a watan Yuli na shekarar yana ɗan shekara shida. A 2018 kuma Everton ta sa kyaftin ɗinta ya ɗauko wata 'yar na'ura mai ido da kunne ya fito da ita fili, domin wani yaro da rashin lafiya ta hana shi barin gida ya ga abin da 'yan rakiya ke gani.

Hanyoyi biyu na samun gurbi

Ba kowace ƙungiya ce ke sayar da wannan gurbi ba. Waɗansu manyan ƙungiyoyi ba su karɓar ko kwabo, sai dai suna zaɓe ne daga cikin yaran da aka yi wa rajista a reshensu na yara, kamar yadda Arsenal ke yi da reshenta mai suna Junior Gunners, ko kuwa su ba marasa lafiya da yaran makarantun da ke kewaye da su. Wannan hanya kyauta ce, amma sa'a ce, kuma masu jira sun yi yawa. Ba a shirya tafiya a kan ƙuri'ar da ba a jefa ba tukuna.

Hanya ta biyu ita ce saye. Wani bincike da jaridar Guardian ta Ingila ta buga a 2014 ya nuna fiye da rabin ƙungiyoyin babbar gasar Firimiya suna karɓar kuɗi, kuma mafi tsada a lokacin ita ce West Ham, inda farashin ya kai fam 600. An yi ta suka a kan haka, ana cewa an mai da abin na 'ya'yan masu hali kaɗai. Ban da ƙungiyoyi 20 na Firimiya, akwai waɗansu 72 a rukunoni uku da ke ƙarƙashinta, kuma a nan ne aka fi samun gurbi cikin sauƙi da rahusa. Abin da akan haɗa wa yaro galibi shi ne kayan wasa na ƙungiyar, da tikitin shiga nasa da na mai rakiyarsa, da hoto, da buga sunansa a ɗan littafin da akan sayar ranar wasa. Kowace ƙungiya da ƙa'idarta game da shekarun yaro, saboda haka sai a tambaya a rubuce, a kuma karɓi amsa a rubuce. Kada a biya kowa sai ofishin ƙungiyar kanta, domin tun 1994 dokar ƙasar ta haramta sayar da tikitin ƙwallo ba da izinin masu wasan ba, kuma 'yan damfara sun cika intanet.

Ranar da ke yawo

Nan ne gizo ke saƙa. Akan fitar da jadawalin gasar Firimiya a watan Yuni, a fara wasa a Agusta, a ƙare a Mayu. Mai karatu zai duba ya ga an rubuta wasan da yake so ran Asabar, sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa wannan rana ta wucin gadi ce. A Ingila ba a nuna wasan ƙarfe uku na yammacin Asabar kai tsaye a talabijin, don kada mutane su daina zuwa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Saboda haka duk wasan da kamfanonin talabijin suka zaɓa tilas a ɗauke shi daga wannan lokaci, a mai da shi tsakar rana ko maraice, ko a kai shi Lahadi, ko daren Litinin, ko ma a jawo shi daren Jumma'a. A yarjejeniyar da ta fara aiki a kakar 2025/26, wasannin da za a iya nunawa sun kai 270 daga cikin 380. Watau wasan da ya tsaya inda aka fara rubuta shi shi ne ƙalilan. Sanarwar canjin kuwa takan fito ne kamar mako shida kafin wasan, a ƙarshen kaka ma ƙasa da haka.

Bugu da ƙari, ƙungiyar da ta buga wasan Turai ran Alhamis ba ta wasa ran Asabar, sai Lahadi ko bayanta. Wadda ta kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a watan Afrilu, akan ɗage wasanta na gasa zuwa wata rana da ba wanda ya sani tukuna. A ƙananan rukunoni kuma ruwan sama ko ƙanƙara kan sa a soke wasa da safiyar ranar. Akwai kuma abin da ba mai iya hange. A watan Maris na 2020 annobar korona ta tsayar da ƙwallo ɗungum har wata uku, sa'an nan da Sarauniya Elizabeth ta rasu ran 8 ga Satumba 2022 aka ɗage dukan wasannin ƙarshen wannan mako, alhali baƙi da yawa sun riga sun sauka Landan da tikitinsu a hannu.

Baturen da ke zaune kusa da fili, idan an ɗage wasa sai ya gyara ranarsa kawai. Wanda ya taso daga Abuja ko Ikko, tafiyar fiye da awa shida a sama, ba shi da wannan sauƙi. Dabarar ita ce a tsara zaman yadda zai rufe dukan kwanakin da wasan zai iya faɗawa: a isa ran Alhamis ko kafin nan, kada kuma a yanki tikitin komowa kafin Talata. In da hali a sayi tikitin jirgi irin wanda ake iya canja masa rana, ko da ya ɗan fi tsada, a kama masauki irin wanda ake iya fasawa ba tare da asara ba. A kuma tambayi ƙungiyar tun kafin a biya, shin idan an ɗage wasa za ta mayar da kuɗi ne, ko kuwa wata rana za ta ba yaron?

Wane lokaci ya fi dacewa?

Yaro ɗan makaranta ne, uba kuma ma'aikaci, saboda haka zaɓin bai wuce uku ba. Dogon hutu yakan haɗu da makonnin farko na gasar a ƙarshen Agusta. Wannan shi ne mafi kwanciyar hankali, domin tun cikin Yuli akan sanar da tabbatattun ranakun wasannin Agusta da Satumba, ga shi kuma ba sanyi. Hutun Disamba yana da yawan wasanni, amma lokacin hunturu ne, rana takan faɗi a Landan kafin ƙarfe huɗu, kuɗin jirgi ya hau, kuma jiragen ƙasa kan tsaya ranar Kirsimeti. Yaron da bai san sanyin da ya wuce na hunturun Jos ba zai tsaya a fili da gajeren wando. Hutun Afrilu kuwa shi ne ya fi faɗawa cikin rikicin ɗage wasanni. Har wa yau a duba makonnin da akan dakatar da gasar domin wasannin ƙasa da ƙasa, kada a je a tarar ba a wasa sam.

Takardu da aljihu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane mutum a cikin iyali, har jariri, sai da fasfo nasa da biza tasa. Ana iya neman bizar ziyara ta Ingila tun wata uku kafin tafiya, kuma amsa takan ɗauki kamar mako uku, amma a lokacin cunkoso takan wuce haka. Idan an hana, ba a mayar da kuɗin nema. Za a so ganin takardar banki, da wasiƙar wurin aiki, da takardar haihuwar yaro, da yardar mahaifi ko mahaifiya idan ɗayansu ba ya cikin tafiyar. Ma'aikacin gwamnati kuma sai ya daidaita hutunsa na shekara, ya nemi izinin fita waje kamar yadda ƙa'idar aiki ta tanada. A haɗa da inshorar lafiya, domin baƙon da aka kwantar a asibitin Ingila biya yake yi.

Batun kuɗi kuwa gara a yi lissafinsa da idon basira. A waɗansu watannin 2024 fam guda ya haura naira 2,000. A wannan canji, fam 600 ɗin nan na 2014, ko da a ce bai ƙaru ba, ya kama naira miliyan 1.2, watau albashin wata 17 na mai karɓar mafi ƙanƙantar albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a wannan shekara. Wannan kuwa shi ne ƙaramin kashi, domin kuɗin jirgin mutum huɗu ko biyar da masaukin mako guda sun ninka shi sau da yawa. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar zango mai zuwa, to, ya haƙura tukuna.

Yaron da 'yan'uwansa

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa. Filin Arsenal yana ɗaukar mutum kamar 60,000, na Manchester United fiye da 70,000. Galibi ma'aikatan ƙungiya ne ke karɓar yaro daga hannun iyayensa tun kafin wasa, su yi masa magana da irin Turancin da bai saba ji a aji ba. Ɗan shekara biyar mai kunya yana iya fashewa da kuka a bakin ƙofa, alhali da an jira ya kai takwas ko tara da ya ji daɗin abin, ya kuma riƙe shi a ransa. Uba ya tambayi kansa tsakani da Allah, shin burin yaron ne, ko kuwa nasa ne?

Sa'an nan kada a manta da sauran yara da uwarsu, waɗanda za su yi wannan doguwar tafiya domin ranar mutum guda. A ba kowa tasa ranar. Manyan gidajen tarihi na Landan, irin su British Museum da gidan kayan kimiyya, shiga kyauta ne, kuma yaran da ba su kai shekara 11 ba ba su biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa idan suna tare da babba. Ga babban masallacin da ke gefen Regent's Park, ga abincin halal a Whitechapel, ga kayan miyar gida a Peckham. A Manchester, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci a jirgin ƙasa, akwai gidan tarihin ƙwallon ƙafa na ƙasar. Yawancin manyan ƙungiyoyi kuma suna zagayawa da baƙi cikin filayensu a ranakun da ba wasa, har ɗakin canja kaya. Idan aka shirya hutu haka, ko wasa ya gudu, ba a yi tafiyar banza ba.

Daga ƙarshe, alkawari kaya ne, musamman ga yaro, wanda ba ruwansa da kamfanin talabijin ko ofishin biza. Shawararmu ga iyaye ita ce su riƙe bakinsu sai abubuwa uku sun zo hannu: wasiƙar ƙungiya, da biza, da sanarwar tabbatacciyar ranar wasa. Kafin nan a ce masa za a je hutu, in Allah ya yarda, kuma wataƙila a kalli ƙwallo. Idan rakiyar ta tabbata, murnarsa za ta ninka. Idan kuwa ba ta tabbata ba, zai komo gida da labarin abin da ya gani, ba tare da ya riƙe mahaifinsa da saɓa magana ba. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya.