Lafiya Jari Ce: Haƙƙin Jiki da Zuciya a Kan Mai Nema

A ƙasar Hausa muna yaba wa jarumin nema. Direban da zai sauke kaya a Legas ya juyo Kano bai runtsa ba, ɗan kasuwar da ba ya rufe shago ko da ranar salla, uwargidan da ke tsaye tun asuba tsakanin madafa, wanki da raino har dare ya raba, duk cewa muke yi ba su da son jiki. Wanda kuwa ya ce ya gaji yana son ya ɗan huta, sai a yi masa kallon rago. Gaskiya ne nema wajibi ne, balle a wannan zamani na tsadar rayuwa. Sai dai da jiki da ƙwaƙwalwa ake yin neman, kuma duk wanda ya ƙi ba su haƙƙinsu da daɗi, wata rana za su karɓa da ƙarfi a gadon asibiti.

Masana sun auna wannan lamari. A shekarar 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoton da ya nuna cewa a 2016 kaɗai, mutum kusan 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda yawan awannin aiki. Wanda ke aikin awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa ciwon damuwa da fargaba suna cinye ranakun aiki biliyan 12 duk shekara a duniya. Ke nan rashin hutun da ake yi don a ƙara samu, shi kansa yana rage samun.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Idan mutum ya shiga matsi, jiki yana sakin wasu sinadarai, irin su adirenalin da kotizol, masu sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, hankali ya tsaya cak a kan abin da ke gaba. Wannan taimako ne na ɗan lokaci. Amma idan matsin ya zama na kullum, babu barci mai kyau, babu sarari, sai jikin ya kasa komawa daidai. Daga nan sai alamu su fara bayyana, domin jiki magayi ne: ciwon kai da ba ya jin magani, yawan mantuwa, saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗaukewar sha'awar abinci, da jin cewa aikin da kake so a da yanzu ya gundure ka. Magidanci ya shigo gida yara su watse, uwa ta riƙa dukan yaro a kan ƙaramin laifi. Sau da yawa ba mugun hali ba ne, gajiya ce ta taru ta rasa mafita.

Babbar musiba ita ce hanyar da wasu ke bi don danne gajiyar. Leburori, 'yan acaba da manoma da dama sun faɗa shan tiramadol don su jure aiki, wasu kuma lemon ƙara kuzari suke ɗirka safe da yamma. Waɗannan ba sa cire gajiya, ɓoye ta suke yi, sannan su bar mutum da jaraba.

Kowane mai Keke Napep ya san lokacin juyen baƙin mai, kuma ba ya jira sai inji ya buga. Haka kula da kai take: a kai a kai ake yin ta, tun ana lafiya. Kuma yawancinta ba ta cin ko sisi.

Na farko shi ne barci. Baligi yana buƙatar aƙalla awa 7 a dare. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka koya, ta kuma daidaita yanayin zuciya. Bincike ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin motsinsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Direbobi su lura da wannan. A ajiye waya kafin a kwanta, domin TikTok da WhatsApp ba su da ƙarshe. Goro, shayi mai kauri da gahawa duk suna da sinadarin kafin, wanda rabinsa ke nan cikin jini bayan wajen awa 5, don haka a rage su da yamma. Ƙailular da kakanninmu ke yi bayan azahar, ko ta minti 20 ce, tana dawo da kuzari.

Na biyu motsa jiki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako, wato kamar tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar. Mai zaman shago, tela da ma'aikacin ofis su ne suka fi buƙata. Taka ƙafa zuwa masallaci ko kasuwa a maimakon hawa babur ya isa a fara da shi.

Na uku abinci da ruwa a kan lokaci. A daina wuce karin kumallo don gudun makara, a rage gishiri da ɗanɗano, a yawaita zogale, alayyafo, wake da kayan marmari na lokaci. A kuma riƙa gwada hawan jini, domin yana iya daɗewa a jiki ba tare da wata alama ba.

Na huɗu zumunci da faɗin damuwa. Haƙuri hali ne mai kyau, amma ba ya nufin a haɗiye komai har zuciya ta kumbura. Hira da amini, ziyarar 'yan'uwa, zama a natse bayan salla, duk suna sauke nauyi. Haka nan a koyi cewa "ba zan samu dama ba" cikin ladabi. Ba kowane biki da taro ne dole sai an je ba. Addini ma bai yarda mutum ya azabtar da kansa ba. Sananne ne labarin Salmanul Farisi da ya tarar Abu Darda'i ya duƙufa da azumi da tsayuwar dare har ya yi watsi da kansa da iyalinsa, ya sa shi ya ci abinci ya yi barci, kuma Annabi (SAW) ya gaskata Salmanu. Idan an sa wa ibadar nafila iyaka saboda jiki, ina ga neman kuɗi?

A nan akwai kira na musamman ga maza. Aikin gida ba shi da lokacin tashi kuma ba shi da ranar hutu. Maigida ya ɗauke wa matarsa yara na 'yan awanni, a raba aiki tsakanin yara maza da mata, a kuma sa ido a kan mai jego, domin akwai ciwon damuwa da ke kama wasu mata bayan haihuwa. Masu gidan aiki su ma su bar ma'aikatansu su huta rana guda a mako.

Kula da kai tana da iyaka. Idan baƙin ciki, rashin barci ko fitar da rai daga komai suka wuce mako biyu, ko mutum ya fara tunanin cutar da kansa, to lokacin ganin likita ya yi, ba tare da jinkiri ba. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. A yi addu'a, a kuma nemi magani.

Mai karatu, kada ka ce sai ka samu sarari, domin aiki ba ya ƙarewa. Zaɓi abu ɗaya daga cikin waɗannan ka fara da shi yau, ka riƙe shi har ya zama ɗabi'a, sannan ka ƙara wani. Iyalinka sun fi buƙatar ka da rai da lafiya fiye da ribar da za ka samu a awannin da ka sata daga barcinka.