Yadda kwamfutocin gida da na shago za su yi musayar takardu ko babu intanet

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari domin yaƙi da 'yan bindiga, Dutsin-Ma da Kurfi suna cikin wuraren da abin ya shafa. An fi maganar kiran waya da tura kuɗi. Amma duk wanda ya saba aika takarda ta WhatsApp ko imel daga wannan tebur zuwa na kusa da shi, shi ma aikinsa ya tsaya, alhali kwamfutocin biyu suna ɗaki guda.

Dalili kuwa shi ne, fayil ɗin da aka tura ta WhatsApp sai ya fita ta intanet, ya bi ta manyan kwamfutocin kamfanin, sannan ya dawo tebur mai nisan taku uku. An ƙona data, kuma idan sabis ya ɗauke an makale. Haɗin cikin gida ba ya buƙatar wannan zagaye.

Ginshiƙinsa ƙaramar na'ura ce da ake kira rauta. Mutane da yawa sun ɗauka ba ta da amfani sai da kati da data a cikinta, wanda ba haka ba ne. Ko babu intanet, tana ba kowace kwamfuta da waya lambar adireshi, galibi mai farawa da 192.168, ta kuma sada su da juna. Ana iya haɗawa ta waifai, amma kwamfutar da ke zaune a tebur gara a ja mata kebul: nau'in Cat5e yana kai mita 100, kuma bangon siminti ko na ƙasa mai kauri ba ya rage masa ƙarfi kamar yadda yake yi wa waifai.

Wannan ya fi shafar masu shagunan buga takardu a Dutsin-Ma, inda Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita suke kawo ɗalibai da kundayen bincike. A irin waɗannan shaguna filash ɗaya kan zaga kwamfutoci da dama a yini, kuma ta nan ƙwayar cutar da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun alamu a madadinsu take yaɗuwa. Idan akwai jaka guda da aka raba, sai a keɓe kwamfuta ɗaya mai rigakafi ta riƙa karɓar filash na abokan ciniki, sauran su ɗauko aikin ta kebul.

A Windows 10 da 11, sai a shiga saitin sadarwa a mayar da haɗin zuwa "Private", a kunna ganin sauran na'urori da raba fayil da firinta, sannan a zaɓi jakar da za a raba. Mai neman tsohon tsarin HomeGroup kada ya wahalar da kansa, Microsoft ta cire shi tun 2018. Abin lura a nan shi ne izini. Akwai na karantawa kawai, akwai na canzawa da gogewa. Ma'aikacin da ke ajiye takardun ofis a gida, ko ɗan kasuwa mai lissafin bashi, ya raba jaka ɗaya tak, ya sa kalmar sirri, kada ya buɗe faifan kwamfutar gaba ɗaya don yaro ya kwafi fim.

Firinta kuma iri biyu ce. Mai kebul na USB ana jona ta da kwamfuta ɗaya a raba, sai dai idan an kashe wannan kwamfutar kowa ya rasa bugu. Mai ramin kebul na sadarwa ko waifai tana shiga rauta kai tsaye, kuma ita ta fi. A ba ta adireshi tsayayye a cikin saitin rauta. In ba haka ba, wata rana bayan an ɗauke wuta an dawo da ita lambarta za ta iya sauyawa, kwamfutoci su yi ta nemanta su rasa.

Wani lokaci tsohuwar firinta ko kwamfuta takan ƙi haɗuwa, sai mai gyara ya ba da shawarar a kunna SMB1. A yi hattara. Ta ɓarakar wannan tsohon tsari ne WannaCry ta bi a watan Mayu na 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Birtaniya. Haka kuma kalmar sirrin da rauta ta zo da ita daga kamfani, a canza ta ranar farko.

Saura batun wuta. Rauta ba ta cin lantarki sosai, ƙaramar inbata ko batirin sola yana riƙe ta sa'o'i, amma firinta mai leza tana jan wuta da ƙarfi lokacin ɗumama, don haka a bar ta a kan layin KEDCO ko janareta.