Dashen Albasa da 'Yar Aji Uku

Duk wanda ya taɓa tsayawa a lambu gefen tafkin Kalmalo lokacin dashen albasa ya san irin kwanciyar da iri yake yi. An ciro shi daga inda ya tsiro, an kai shi wani fangali, sai ganyen ya yi laushi, ya kwanta a ƙasa kamar ya mutu. Manomi ba ya tayar da hankalinsa. Shi ya sa ma yake dashe da la'asar sakaliya, ya bi da ruwa nan take, gobe ya dawo, jibi ya dawo. Bayan 'yan kwanaki sai ka ji yana cewa, "Alhamdu lillahi, ya kama."

Wannan kwanciyar nake gani a fuskokin wasu yaran firamare a nan Garu. Tun da 'yan bindiga suka addabi gabashin Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni zuwa Goronyo har ƙauyukanmu na Illela, iyalai da yawa sun kwashe 'ya'yansu sun dawo wajen dangi. Wasu yaran kuma ba su je ko'ina ba, gidan ne ya sauya musu. An rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024. Uban da ke cin abinci da zirga-zirgar Illela zuwa Ƙonni ya zauna ba sana'a, rai a ɓace, murya ta yi sama a tsakar gida. Yaro yana jin duk wannan, da safe kuma ya rataya jakarsa ya taho da shi makaranta.

Na san wata yarinya 'yar aji uku da ta yi makonni ba ta buɗe baki ba. In iska ta buga ƙyauren aji sai ta zabura ta shige ƙarƙashin benci. Ana ce mata daƙiƙiya, wasu na cewa iskoki ne. Na taɓa ganin an ɗaga mata bulala don ta kasa karanta abin da ke allo, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. Wa ya taɓa jan ganyen albasar da aka dasa jiya don ta miƙe? Saiwar da ba ta kama ba ce za ta tsinke.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin lalurorin ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14. Ke nan a hannun malamin firamare suke tsirowa, tun kafin likita ya gan su. Muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, a kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, kuma a Janairun 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Yaron da firgicinsa ya ƙi sauka, ko ya daina barci da cin abinci, a kai shi asibitin, babu abin kunya. Amma yawancinsu ban ruwa suke bukata, kaɗan-kaɗan, kullum: malami ya kira yaro da sunansa, ya bar shi a wurin zama ɗaya kusa da abokin da ya saba da shi, ya gaya masa abin da za a yi bayan tara don kada komai ya zo masa ba zato, ya leƙa gida ya gaisa da uwarsa.

Abin da wata malama ta yi wa yarinyar nan 'yar aji uku ke nan. Ba ta tambaye ta abin da ta gani a ƙauyensu ba. Ta dai damƙa mata kwalin alli, ta ce, "'Yata, ke za ki riƙa ajiye mini wannan." Kowace safiya yarinyar ta kawo, malama ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Sai da aka kusa hutu, wata Laraba, ta miƙo kwalin, ta ɗago kai a hankali ta ce, "Malama, saura guda biyu."